Ruwan da Ya Kwanta a Kan Sara

Katangar laka ta faɗa wa ƙanina a shekarar da gulbi ya shiga unguwarmu, a bayan garin Gummi. Da rana ne, mutane suna kallo. Ni ina hawan tudu da Inna goye a bayana. Da yamma muka ciro shi, washegari muka binne shi a maƙabartar da ruwa bai kai ba.

Mu ba mutanen Gummi ba ne. Ƙauyenmu yana ƙasar Bukkuyum, ta wajen Adabka. 'Yan bindiga ne suka tashe mu. Sun kashe mahaifinmu a gona, sun kore shanunmu. Sa ɗaya ya tsira, don ranar yana wurin wani da ya are shi huɗa. Da shi muka fito, ni da Inna. Mutanen Gummi suka ba mu fili a bakin fadama, inda 'yan gari ba sa gini. Mun san dalilin da ba sa gini a wurin. Muka kwaɓa ƙasa muka gina.

Ƙanina shi ne autan Inna, shi kaɗai ya yi boko a gidanmu. Ni ban taɓa zama a aji ba. Ina noma, yana karatu, haka muka raba aikin tun muna yara. Lokacin da abin ya faru yana makarantar koyon malanta, lissafi zai koyar. In ya zo hutu yakan koya mini haɗa baƙaƙe da gawayi a jikin bango. Da wannan nake rubutu yanzu.

A unguwar akwai wani tsoho masunci, shi ya riga kowa zama a wurin. Baba muke ce masa. A bakin gulbi akwai wata babbar bishiyar giyayya, ya yi mata sara da gatari a jiki tun kafin mu zo. Saran daidai yake da leɓen gaɓa. In ruwa yana ƙasa da sara, ka kwana lafiya. In ya haye sara, ya shigo unguwa. Kowace damina maza sukan je gindin giyayyar da safe su duba, kafin su wuce gona.

Tsohon yana da ƙa'ida, kowa ya haddace ta. Ruwan da zai ƙetare da gudu yake zuwa, ba ya tsayawa gaisuwa. Wanda ya rage tafiya ya kwanta a kan sara, ya gaji ne, komawa zai yi. Ba da baki kawai muka yarda ba. Na ga shekarar da ruwa ya lashi saran ya kwanta, tsohon ya ce kowa ya tafi aikinsa, ruwan kuwa ya janye. An ba ni labarin shekarar da ya zo da gudu, tsohon ya bi gida gida ya kori mutane zuwa tudu, ba a rasa ko kaza ba.

Daminar da nake magana a kai, Auta ya zo hutu. Wata rana na dawo daga gona na same shi a tsakar gida, ya share ƙasa yana zane da kara. Darasi yake shiryawa, wanda zai koyar in ya koma.

Na ce, "Mi kake yi, malam? Ɗan duba ka koma?"

Ya ce, "Zauna, Yaya, in gwada a kanka. In ka gane, kowane yaro zai gane."

"Wato ni ne daƙiƙin aji."

"Kai ne ajin duka."

Na zauna. Ya ja layi miƙaƙƙe, ya ce wannan shi ne sifili. Akwai sama da shi, akwai ƙasa da shi. Sai ya ja wani layin mai lanƙwasa, ya ce wannan shi ne tafiyar amsar lissafi, tana hawa tana sauka. Duk inda mai lanƙwasa ya sadu da miƙaƙƙe, nan amsa ta zama babu. Ya ce saduwar ba iri ɗaya ba ce.

Ya zana ta farko. Layin ya taso daga ƙasa ya yanke miƙaƙƙen ya wuce sama, kamar hanya ta ƙetare hanya. Ya zana ta biyu. Layin ya taso, ya rage gudu, ya taɓa miƙaƙƙen, ya juya ya koma ƙasa inda ya fito. Ya zana ta uku. Layin ya taso, ya rage gudu, ya kwanta a jikin miƙaƙƙen kamar zai koma, sai ya ɗaga kai ya wuce sama.

Na ce, "Mi ya bambanta su?"

Ya ce irin wannan lissafin gutsattsari ne ake ninka juna da su, kowane gutsure yana da wurin da yake zama babu. In gutsure ɗaya ne ya zama babu a wurin, layi ya yanke ya wuce. In gutsuren nan ya zo sau biyu, layi ya taɓa ya koma. In sau uku, ya kwanta sannan ya ƙetare. Ya ce malamai da ganin zanen suke faɗin sau nawa sifilin ya maimaitu, ba sai sun ga lissafin ba.

Na ce ban gane ba. Ya ce in tashi tsaye.

"Fuskanci gabas. To, juya baya. Ina kake kallo?"

"Yamma."

"Sake juyawa."

"Gabas."

"Sake."

Inna tana bakin ƙofa tana tsince wake. Ƙafafunta sun daɗe da kumbura, ba ta iya tafiya mai nisa. Ta ce, "Ikon Allah. Ɗan boko ya sa ƙato rawa babu kiɗa."

Auta ya yi dariya har ya yar da karan. Ya ce kowane gutsure, in an wuce wurin sifilinsa, juya amsa yake yi sau ɗaya, daga ƙasa zuwa sama ko daga sama zuwa ƙasa. Juyi ɗaya, ka canja fuska. Juyi biyu, kana inda kake. Juyi uku, ka sake canjawa.

Na ce, "Cika da mara ke nan, irin wanda muke yi da gyaɗa."

"Shi ne. Cika ya koma, mara ya ƙetare."

Na tambaye shi abin da ke sa layin kwanciya. Ya ce rabin rabi bai kai rabi ba, rabin wannan kuma ya fi ƙanƙanta. In ƙaramin abu ya ninka kansa, ƙara ƙanƙancewa yake yi. Shi ya sa kusa da sifili layin yake rarrafe, gwargwadon maimaituwar gwargwadon rarrafen.

Sai ya yi abin da ban manta ba. Ya sa na juya, ya share, ya sake zana ta biyu da ta uku. Ya cire takalmansa ya rufe rabin kowane zane, rabin da ke bayan saduwar. Abin da ya rage a fili layi biyu ne, kowanne ya taso ya rage gudu ya kwanta a kan sifili.

"To, Yaya, wanne zai koma?"

Na duba, na duba. Na nuna ɗaya. Ya ɗaga takalmi, wanda na nuna shi ne mai ƙetarewa.

Ya ce, "Ba laifinka ba ne. Daga gefe ɗaya kama suke yi, ido ba ya raba su da sauƙi. Sai ka ga abin da ke ƙarƙashin takalmi."

Na ce ya sa takalminsa, ƙafarsa na wari. Muka ci tuwo.

Ba a daɗe ba gulbi ya fara cika. A wurinmu ba a yi ruwan sama mai yawa ba, daga gabas yake gangarowa, ja kamar kunun kanwa, ɗauke da itace da karan dawa na gonakin wasu. Kullum da safe ya ƙara hawa. Da ya kusa sara sai ya rage. Ya zama sai ka sa yatsa ka auna kafin ka san ya motsa. Daga nan ya taɓa saran ya tsaya. Da safe yana nan, da yamma yana nan, aka wayi gari yana nan.

Muna tsaye a gindin giyayya, maza da yawa. Tsohon ya tsuguna ya dubi ruwan, ya tofar da goro.

Ya ce, "Ya gaji. Ku tafi gonakinku."

Mutane suka fara hamdala. Auta yana bayana. Na ji ya gyara murya, na taka masa ƙafa, bai ji ba.

Ya ce, "Baba, a yi mini haƙuri. In ya kwanta, ba dole ne ya koma ba. Akwai mai kwanciya ya ƙetare."

Tsohon ya ɗago. "Ɗan wa ne wanga?"

Aka ce ƙanina ne, ɗan makaranta.

"To, malam, ina ka gane shi, mai kwanciya ya ƙetare? Gulbin ga?"

"A lissafi, Baba."

Aka fashe da dariya. Wani ya ce a kawo wa gulbi allo da alli. Wani ya ce a tambaye shi ko ya ci jarrabawa. Tsohon bai yi dariya ba. Ya ce, "Gulbin ga ajinku ɗaya da shi?"

Auta ya ce, "A'a, Baba. Gulbi ba lissafi ba ne, ni ma na sani. Ban ce zai ƙetare ba. Cewa na yi rabi munka gani. Ragowar ba mu gan shi ba tukuna."

"Tun ba a haifi yayanka ba nike kallon saran ga. Bai taɓa kwanciya ya ƙetare ba."

"Allah ya sa haka, Baba."

"Amin. Je ka taya yayanka noma, hannunka ya yi laushi."

Nan aka watse. A hanya na ce masa ba a yi wa tsoho gardama a gaban mutane, balle mu baƙi da aka ba aron wuri. Ya ce ya ji. Ya ce amma mu kai Inna da sa kan tudu, mu kwana can har ruwan ya nuna inda ya dosa. In ya koma, ba mu rasa komai ba sai barci.

Ba haka abin yake ba, shi ma ya sani. Tudun da muke iya zama da dabba yana bakin daji ne. Sa a kan tudu daga nesa ake hango shi, ɓarayin shanu kuwa ba su daina zagayawa ba. San nan shi ne duk abin da ya rage mana na gida. Da shi nake haɗawa da na wani mu yi huɗa, da shi muke ci. Ga shinkafa a fadama ta fara kai, tsuntsu na jira. Ga Inna, ɗaukarta aiki ne, kwanan waje a damina kuma ciwo ne a gare ta.

Duk da haka muka kai mata maganar. Ta saurara har Auta ya gama.

Ta ce, "Mi tsohon ya ce?"

Na ce ya ce ruwa ya gaji.

Ta ce, "An tashe ni daga ɗakina sau ɗaya, da bindiga. Ba a sake tashe ni da zanen ƙasa."

"Inna, kwana kaɗan ne."

"Haka anka ce wancan karon. Auta, ka bar ni in zauna wuri ɗaya."

Ya dube ni. Ni ne babba, maganata ce ta ƙarshe. Na ce a jira. Abin da na yarda da shi ɗaya ne, muka kwashe buhunan gero da iri muka kai gidan wani mutumin kirki a cikin gari. Auta ya yi ta ɗauka har wuyansa ya sage. Bai sake tayar da maganar ba. Amma na lura ya daina cire takalmi, ko a cikin ɗaki.

Ranar da ruwan ya zo, sama tas take, rana ta fito da zafi. Da hantsi ne. Na dawo daga korar tsuntsu in sha fura, sai na ga kaji sun hau danga. Ruwa yana bin lungu a hankali, ba ƙara, ba igiyar ruwa, ya ɗauko ɓawon gyaɗa da takalmin yaro. Kafin in ajiye ƙwarya ya rufe idon sawu. Can na ji muryar tsohon, yana gudu yana faɗuwa, yana ihu: "Ku fita! Ya haye! Ku fita!"

Na tsuguna, Auta ya ɗora mini Inna, ya ɗaure ta da zaninta. Ya ɗauki ƙullin kayanta a ka. Muka fita ruwa a gwiwa. Unguwa ta rikice, mata da yara, awaki suna iyo, kowa ya nufi tudu. Mun yi nisa kaɗan sai san ya yi kuka. Yana ɗaure a turke, a bayan katangar gidan.

Auta ya miƙa wa wata mata ƙullin. Ya ce, "Yaya, wuce da Inna. Yanzu nike zuwa."

Na ce ya bari in sauke ta in koma da kaina.

Ya ce, "Kafin nan ya sha ruwa."

Inna ta kira shi. Bai waiwaya ba.

Wuƙa tana ɗamarata. Ban tuna ba, shi ma bai tambaya ba. Igiyar ta jiƙe, san ya yi ta ja har ƙullin ya ɗaure tamau. Waɗanda suka hau itatuwa sun ce ya daɗe a sunkuye yana kwancewa da hannu da haƙori. Ya kwance. San ya fito da gudu, ya bi mutane. Katangar kuwa ruwa ya riga ya cinye gindinta. Na juyo daga tsakiyar tudu na ga ta kwanta a hankali, ba ta ma yi ƙara sosai ba. Inna fuskarta na jikin bayana, ba ta gani ba. Ta ji na tsaya. Ta ce, "Mi ne ne?" Na ci gaba da hawa.

Shi kaɗai aka rasa a unguwar.

Tsohon ya zo gaisuwa ranar sadakar uku. Ya zauna a gefen tabarma, ya yi addu'a. Da zai tashi ya ce mini ya shiga kwalekwale ya bi gulbin sama ya gani. Wata gaɓa ce ta fashe can gabas, ruwan ya yi ta zuba cikin wata babbar fadama. Duk kwanakin da muka ga ya kwanta a kan sara, fadamar ce take shanye ƙarin. Da ta cika, sai ya taso mana gaba ɗaya. Ya ce bai taɓa ganin haka ba. Na ce na yarda. Ban riƙe shi da komai ba. Abin da ya gani shekara da shekaru shi ya faɗa, kuma shi ya fara ihu.

Auta ma bai san da fadamar ba. Bai san gulbi ba ko kaɗan, ko iyo bai iya ba. Abin da ya sani kawai, akwai zane na uku.

Muka zauna a wani aji na makarantar firamare tare da sauran waɗanda ruwa ya kora, har kaka. Ana nan labari ya zo daga Bukkuyum cewa an yi sulhu da 'yan bindiga a yankinmu. An daina harbi, an daina ɗaukar mutane, hanya ta buɗe. Mutanenmu suka fara ɗaure kaya. Wani ɗan'uwan mahaifinmu ya zo takanas ya same ni.

Ya ce, "Abin ya kwanta, ɗana. Ku taho gida. Gonar ubanku na nan ta zama daji."

Na ce, "Ya kwanta, Baffa. Na ji."

"To mi kake jira?"

Na ce ina jira in ga ɗaya gefen. Bai gane ba, ban kuma yi masa bayani ba. Ya ce ruwa ya taɓa mini kai.

Inna ta so komawa. Ta ce tana son a binne ta kusa da mijinta, tunda ba za mu zauna kusa da kabarin autanta ba. Wannan karon ban ce a jira ba, ban kuma nemi yardarta ba. Na sa ta a mota zuwa Anka, inda muke da dangin uwa a cikin gari. Ni na biyo da san a ƙasa, tare da fatake.

Waɗanda suka koma sun yi noma, sun girbe. Wasu sun aiko mana da gero. Ya zuwa yau ba abin da ya same su, ina roƙon Allah kada ya same su. Mai yiwuwa nasu mai taɓawa ya koma ne, ni ne na yi asarar gona a banza. Ban sani ba. Inna dai takan ce na yi asara duk lokacin da aka kawo geron.

Ina Anka yanzu, a ɗakin haya a kan tudu, nesa da kowane gulbi. Na haɗa wa san amalanke, muna ɗaukar yashi da bulo zuwa wurin masu gini. Ya tsufa, ya rage sauri. Da dare ba na ɗaure shi a gindin katanga, kuma wuƙa tana rataye a jikin turkensa. Inna tana raye, ba ta fita. Ban koma Gummi ba, ban koma Bukkuyum ba.